Kafin Ku Loda Kayan Tarihi a Manhaja: Abin Yi da Abin Bari

Da ku nake, shugabannin gidajen tarihi, da masu riƙe da makullan ɗakunan ajiya, da malaman jami'a da aka cusa a kwamiti, da magadan da kundayen kakanni suka faɗo hannunsu. Ko yau ko gobe wani zai yi muku sallama da kwamfuta a hammata. Zai nuna muku manhajar da za ta ɗauki rajistar kayanku ta gwama da ta Yamai da ta Bamako da ta Landan, mai jin Faransanci ya karanta da Faransanci, Balarabe ya karanta da Larabci. Ba ƙarya yake yi ba, ana yi. Sai dai manhaja jaki ce, abin da aka labta mata shi za ta kai kasuwa, in gero gero, in ƙaiƙayi ƙaiƙayi. Don haka ku karkaɗe kunnuwa.

Kada ku nemi manhaja alhali ba ku da rajista.

Na taɓa shiga siton wani gidan tarihi, ba zan faɗi garin ba. Littafin rajista yana nan, ƙato, amma gara ta cinye tsakiyarsa. 'Yan takardun lamba da ake ɗaura wa kaya da zare duk sun zube, wani mai shara mai kirki ya tsince su ya zuba a gwangwanin madara ya rufe. Ga takubba jingine a bango, ga lambobi a gwangwani, ba mai iya cewa wace lamba ce ta wane takobi. A ofishin da ke gaba kuwa ana ta taron yadda za a hau intanet. A hau da me?

Kada kuma ku zaci ciwon talaka ne. A watan Agustan 2023 Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan ya amsa cewa kaya wajen 2,000 sun salwanta, wasu an sace, wasu an lalata, galibinsu ƙananan duwatsun ado da kayan zinariya, da yawa ba a taɓa yi musu cikakkiyar rajista ba. An ga wasu ana cinikinsu a eBay. Shugaban gidan, Hartwig Fischer, ya ajiye aiki. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970, wadda Najeriya da Nijar suka shiga tun 1972, ta gindaya sharaɗi: in kuna so wata ƙasa ta kama muku abin da aka sace daga gidan tarihinku, sai kun nuna yana cikin rajistar gidan. In babu, sai dai ku koma gefe ku yi ta Allah ya isa.

Ku amsa tambayoyi tara a kan kowane abu, ku ɗauke shi hoto.

Ba sai kun ƙago tsari ba. Tun 1997 cibiyar Getty ta fitar da Object ID bayan shawara da 'yan sanda da kwastan da kamfanonin inshora, yanzu kuma yana hannun ICOM, majalisar gidajen tarihi ta duniya. Mene ne abin? Da me aka yi shi, ta wace hanya? Mene ne awonsa? Akwai rubutu ko hatimi a jikinsa? Wace alama ta raba shi da ɗan'uwansa? Yana da laƙabi? Me aka zana ko aka siffanta? Na wane zamani ne? Wa ya yi shi? Iyakarta ke nan. Wajen hoto ku ajiye rula a gefe, kuma ku ɗauki aibin: tsagar wuyan tulu, facin kafaɗar riga, inda ruwa ya taɓa bangon littafi. Kada kunya ta sa ku juya shi bango. Ɓarawo zai kankare lamba da reza, amma ba zai mayar da ɓallin da ya fita daga bakin tukunya ba, kuma da wannan ɓallin jami'in kwastan a Faris zai gane kayanku in ya duba rumbun kayan sata na Interpol a wayarsa.

Lamba ɗaya ga abu ɗaya. Kada ku sauya ta don an yi sabon darakta. Kada ku bai wa sabon kaya lambar wanda ya ɓata, ku bar gurbin a buɗe yana jiran mai shi. Tsohuwar lambar zamanin En'e, da ta Baturen da ya tattaro, da wadda wani ya rubuta da alli, duk ku adana su a gurbi na daban.

Kada ku yarda sunan abu na asali ya koma ƙarin bayani a ƙasan shafi.

Nan gizo ke saƙar, kuma nan ne akasarin ayyukan haɗin gwiwa suke kwana. Ku ɗauki babbar riga guda ɗaya. A Faris an rubuta mata bubu. A Landan an kira ta da kalmar da suke kiran rigar alƙali da rigar wanka. Amma maɗinkin da ya yi wata uku a kanta a Zariya ya san saƙi ce, ko tsamiya, ko barage, ko kore da ta sha bugu a Kura. Ya san aikinta aska takwas ne ko aska biyu ko 'yar Dikwa. In manhajarku gurbin suna ɗaya gare ta, kuma Turanci ya riga ya zauna a ciki, duk wannan ilmi ya bi ruwa, kuma jikan maɗinkin zai nemi aska takwas a rumbun ya tashi hannu rabbana, alhali rigar kakansa tana ciki.

Akwai waɗanda suka yi abin daidai. A watan Nuwamban 2022 aka buɗe Digital Benin, wanda ya tattara bayanan kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, galibi kayan da sojojin Birtaniya suka kwashe daga fadar Benin a 1897. Yawan ba shi ne abin koyi ba. Abin koyi shi ne sashen da suka kira Ẹyo Otọ, inda aka jera kayan bisa sunayensu na harshen Edo da irin amfanin da masu su ke yi da su, maimakon kason da gidajen tarihin Turai suka saba. Ku yi haka. Sunan Hausa a gurbinsa, na Zabarmanci ko Fulfulde ko Kanuri ko Tamashek a gurbinsa, kowane suna da alamar harshensa da sunan wanda ya faɗe shi. In da hali ku naɗi muryar dattijon yana furtawa.

Abin bai tsaya a kayan da ake taɓawa da hannu ba. A watan Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da sunan Durbar, kalmar da Turawan mulki suka taho da ita daga Indiya. Madalla da karramawa. Amma Bakano Hawan Sallah ya sani, da Hawan Daushe, da Hawan Nassarawa, da na Ɗorayi, da na Fanisau, kowanne da ranarsa da hanyarsa da dalilinsa. A rajistarku kada ku dunƙule su a kalmar aro guda.

Ku ba kowane gari lambar da ba ta jin yare. Zinder da Damagaram wuri ɗaya ne. Haka Niamey da Yamai, Tahoua da Tawa, Sokoto da Sakkwato, Birni N'Konni da Birnin Ƙonni. Kwamfuta ba ta san haka ba sai an gaya mata. Dabarar da Wikidata ke bi ita ce hanya: wuri ya samu lamba guda, sunayensa duka su rataya a jikinta. Haka za ku yi wa mutane ma, don Usman ɗan Fodiyo da Uthman ibn Fudi da Ousmane dan Fodio kada su zama malamai uku.

Kada ku biya ko kwabo sai kun gwada ƙugiya.

Ku sa mai tallan ya zauna a gabanku ya rubuta ɓauna, ɗan kunne, ƙaho, 'yar tsana. Ya adana, ya fitar da su zuwa Excel, ya mayar, sannan ya nema. In ƙ ta dawo akwati ko alamar tambaya, ku raka shi bakin ƙofa. Ba kwalliya ba ce: baƙin rawani daban, bakin rawani daban. Sannan ku nemi ƴar tsana yadda ake rubutawa a Nijar, ku ga ko za ta fito da 'yar tsana ta Najeriya. Dole manhajar ta adana ƙugiya daidai, amma ta yi wa mai nema sassauci, domin yawancin mutane a waya suke bugawa ba ƙugiya.

Ku gwada ajami ma, daga dama zuwa hagu, cikin layi ɗaya da boko. Rubutunmu na Warash ne: fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya gare ta a sama. Unicode ta tanadi waɗannan haruffa, saboda haka ba uzuri ga manhajar da za ta gyara muku su zuwa rubutun Masar ba da izini ba.

Kada ku cusa shekarar Hijira a gurbin Miladiyya. Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1218, wato 1804. In akawu ya buga 1218 a gurbin da bai san Hijira ba, ya mayar da jihadi baya da kusan shekara 600, kuma mai karatu a Jamus zai kwafa haka. Ga kuma ramzi, shekarar da malamanmu ke ɓoyewa cikin haruffa a ƙarshen rubutu. Lissafin abajada na Magrib, wanda suke bi, ya saɓa wa na Gabas: harafin shin a nan 1,000 ne, a can 300. Wanda ya warware ramzin Sakkwato da lissafin Gabas zai fito da shekarar da ba a yi ba. Ku rubuta shekara yadda take a takardar, ku rubuta lissafinku a gurbi na biyu, ku faɗi wanda ya lissafa.

Kada ku miƙa fassara ga inji ku tafi barci. Rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti. Gadon da ake kwanciya da gadon da ake rabawa rubutunsu ɗaya, kuma ba abin da zai hana inji ya mayar da kayan gadonku zannuwa da matasan kai. Abin da kuke bukata shi ne ƙamus na kalmomin aiki, wanda aka zauna aka amince: wannan kalma da Hausa, ga takwararta da Faransanci, da Turanci, da Larabci, ga ma'anarta a jimla guda. Getty tana da babban ƙamus irin wannan na fasaha da gine-gine, ku jingina naku da shi inda suka dace, inda ba su dace ba kada ku tilasta. A zaman kuwa kada a tara furofesoshi zalla. A kira maƙeri, da baduku, da marini, da magini, da mai saƙar faifai, daga ɓangarorin iyaka biyu, a kuma biya su kuɗin zama kamar kowa.

Kada ku ba ɗan wani kwangilar ƙera muku manhaja daga tushe.

Na san yaron haziƙi ne. Bayan shekara biyu zai samu aiki a wani wuri, ya bar ku da abin da shi kaɗai ya san cikinsa. An riga an yi wannan aiki, an kuma bar shi a buɗe ga kowa. Arches ta fito a 2013 daga Cibiyar Adana Kayan Tarihi ta Getty da World Monuments Fund, ta samo asali daga MEGA-Jordan, rumbun da aka gina wa hukumar kayan tarihin Jodan da Larabci da Turanci. Birnin Los Angeles da ita yake rajistar tsofaffin gine-ginensa. Aikin EAMENA, wanda aka fara a 2015 daga jami'ar Oxford da abokan aikinta, da ita yake rubuta kufai da wuraren tarihi daga Muritaniya har Iran, galibi ta hotunan tauraron ɗan Adam. Haka ma aikin MAEASaM, ƙarƙashin jagorancin Cambridge, wanda ya fara da ƙasashe takwas: Mali, Senegal, Sudan, Habasha, Kenya, Tanzaniya, Zimbabuwe da Botsuwana. Ita Arches ta fi ƙarfi a wurare da gine-gine, irin su ganuwa da kufai da hasumiya. Kayan cikin sito akwai CollectiveAccess, takardun ajiya akwai AtoM. Ku zaɓi wadda ta dace da kayanku, ba wadda aka zo da ita ba.

Abin da zai sa rajistarku ta yi magana da ta wata ƙasa ba sunan manhaja ba ne, ƙa'idar da ke ƙarƙashinta ce. Ku tambaya ko tana bin CIDOC CRM, wadda ta zama ma'aunin duniya a 2006. Duk wanda ya yi karatun hadisi zai gane ta nan take, don isnadi ce: wane ya ƙera, a wuri kaza, a shekara kaza, ya ba wane, wane ya sayar wa wane, har ya iso wannan kanta. Inda silsilar ta yanke ku rubuta cewa ta yanke. Kada ku cike giɓi da zato, kuma kada ku rubuta "kyauta" a kan abin da aka karɓa da bakin bindiga.

Kada kalmar "kyauta ce" ta ruɗe ku. Kyautar doki ce. Ba ku biya kuɗinsa ba, amma kullum sai harawa da dawa da ɗan barga. Hayar uwar garke da dala ko yuro ake biya. Sai mai sabunta manhajar, sai wuta, sai data. Ku tambayi mai ba da tallafi, a rubuce, wa zai biya a shekara ta huɗu bayan kuɗin aiki ya ƙare. In ya yi murmushi ya ce za a duba, ku sa a kasafin kuɗinku tun yau ko ku haƙura.

Kada ku baje taswirar kufai a fili.

A 1983 Boubé Gado ya yi tono a Bura, yammacin Nijar, ya fito da tukwanen kabari da mutum-mutumin yumɓu da suka ba duniya mamaki. Da sunan Bura ya yi tashe a kasuwannin Turai, sai masu haƙa da dare suka yi wa yankin kaca-kaca. Haka aka yi wa ƙasar Nok a kudancin Kaduna a shekarun 1990. Shi ya sa jan jerin da ICOM ta fitar a 2000 ya ambaci kayan Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato da na Bura cikin waɗanda aka fi sacewa. Lambar taswira da ta nuna wuri taku da taku jagora ce ga mai diga. Ku yi wa rumbunku ƙofa uku, kamar gida: zaure na kowa, a ga hoto da sunan ƙaramar hukuma, shigifa ta masu bincike da aka san su, cikin gida na hukuma kaɗai, a nan lambar taswira za ta zauna. Ku tuna kuma hoton waya yakan haɗiye lambar wurin da aka ɗauke shi, ku goge ta kafin ku saki.

Ba duk abin da aka ɗauka hoto ake nunawa ba. Kundin malam akwai laƙani a ciki, akwai sirrin magani, akwai wasiƙun da suka ambaci asalin mutanen da jikokinsu ke raye suna riƙe da sarauta. Akwai hotunan matan kulle da wata Baturiya ta ɗauka a tsakar gida bisa amana. Mutanen Warumungu na Ostareliya sun fuskanci irin wannan, har aka gina Mukurtu tare da su a 2007, manhajar da ke barin al'umma ta ce wannan na mata ne, wannan na dangi kaza ne, wannan hoton mamaci ne a rufe shi. Ku tambayi masu abu kafin ku loda, da harshensu, a gaban shaidu, kuma ku bar musu ikon janyewa. Sa hannun mai unguwa ba ya wadatar da izinin magada.

Ku karanta yarjejeniya daga ƙarshe, inda ake maganar rabuwa. Bayanan na wa ne? Hotunan na wa ne? Wa zai iya sayar da su ga mai buga littafi? In kun fasa, za a ba ku komai naku cikin sigar da kowace kwamfuta ke buɗewa, CSV da TIFF, ko kuwa sai da manhajarsu? Ku nemi a fitar muku da kwafi tun a watan farko, ku buɗe da kanku ku gani. Kwafin Faransanci da na Turanci na yarjejeniyar kuma a faɗi wanne ne hukunci in sun saɓa.

Kada kalmar sirri ta zauna a kan mutum ɗaya. Na san ofishin da aikin shekara uku yake kulle a kwamfuta an lulluɓe ta da tsumma, don wanda ya san kalmar ya rasu. A rubuta, a like a ambulan, a sa a sef, mutum biyu su sani. Kuma kada a buɗe asusun hukuma da imel ɗin ma'aikaci na kansa.

Ku ajiye kwafi uku, a wuri uku, ɗaya ba ya haɗe da intanet.

A watan Oktoban 2023 'yan kutse suka kulle na'urorin Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya suka nemi fansa. Sai a watan Janairun 2024 babban kundinsa ya fara dawowa, wasu sassan suka daɗe fiye da haka, kuma duk mai binciken da ya dogara da hotunan takardun Afirka da ke can ya zauna jira. A Khartum yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, aka wawashe gidan tarihin ƙasa. Abin da za a bi sawun kayan da shi yanzu shi ne bayanan da suka tsira a wajen ginin. Ko ba ɓarawo ba yaƙi, na'ura da kanta tana tsufa. A 1986 BBC ta tattara bayanan Birtaniya a faifan laser don cikar shekara 900 da rajistar ƙasa ta 1086. Kafin shekara 20 na'urar karanta faifan ta zama abin nema, sai da masana suka yi aikin ceto, alhali littafin fata na 1086 yana nan ana karantawa. Don haka duk shekara ku buga rajistarku a takarda, a ɗinke, shugaba ya sa hannu a kowane shafi. Kwafi ɗaya ya tsallaka gari, in da amana ya tsallaka iyaka.

Kada ku karɓi hoto a madadin kaya. Rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018 ya ƙiyasta kayan Afirka ta kudu da Sahara wajen 90,000 a gidajen tarihin gwamnatin Faransa, kusan 70,000 a Quai Branly kaɗai. In an ba ku bayanansu da hotunansu ku karɓa da hannu biyu, domin da su ake sanin abin da za a nema. Amma ku duba kada a cusa layin da ke cewa karɓar hoton ya kashe maganar dawo da kayan. In kun gan shi a yarjejeniya ku ja masa layi da jan biro, ku mayar.

Duk wata uku, ba tare da sanarwa ba, shugaba ya zaɓi lamba goma daga manhaja ya sauka sito da kansa a nuna masa kayan. Sannan ya ɗauki kaya goma daga kanta, na can ƙurya masu ƙura, ya hau sama a nemo masa su a manhaja. Wanda ba a samu ba a rubuta shi a littafi ranar, da kwanan wata, da sunan mai riƙe da makulli.